Zangon da Ƙafar Baba Ke Magana

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce ta ƙanwa ga wanta, mai yawa, irin wadda ba ta hucewa a hanya, tare da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya kai da iyalinka. Yaya aiki, yaya kuma sanyin garin naku da kullum kake kuka da shi kamar wani ne ya tura ka? Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri, ya raya mana yaran, ya jiƙan Inna ya kai haske kabarinta. Mu nan lafiya muke, irin lafiyar gidan da ke da majinyaci, wato kowa na cewa alhamdu lillahi yana satar kallon fuskar ɗan'uwansa. Maigidana yana nan, har yanzu yana jinyar tsohuwar motarsa da haƙurin da bai taɓa gwada wa ɗan Adam ba. Auta ta gama jarrabawa, ta ce ta yi ƙoƙari, mu kuma mun bar wa sakamako ya fassara mana kalmar.

Na san za ka ce me ya kai ni rubuta wasiƙa a wannan zamani. Dalilin shi ne, saƙon murya in ya faɗa zauren dangi na waya, kafin la'asar ya haifi 'ya'ya, kowa ya ƙara masa gishiri. Ban da haka, a takarda ba ka da damar katse ni, abin da ban taɓa samu ba tun muna yara. Ka tambaye ni fiye da sau ɗaya ko ka aiko da takalmin da ka saya wa Baba, irin na masu ciwon sukari, mai taushin ciki, ni kuma na riƙa canja zance. Ba mantuwa ba ce. Lokacin da kake tambayar ban san amsar ba. Ka yi haƙuri ka bi ni a hankali, za mu iso kan takalmin.

Abin da aka gaya maka a waya shi ne Baba yana da ɗan ciwo a ƙafar hagu. Ɗan ciwon nan ya cinye ƙananan yatsu biyu, sun yi baƙi, sun daina jin taɓi. Likitan tiyatar da ke duba shi mutum ne mai rowar magana, ma'aikata suna kiransa Taƙaice a bayan idonsa, kuma ya cancanci sunan. Ya ce yatsun biyu sun tafi, babu ja. Abin da bai tabbatar ba shi ne naman da ke sama da su: in jini na isa can da kyau, a cire yatsun kawai, wurin ya warke, in ba ya isa, ɗinkin ba zai kama ba, gara a yanke tun daga ƙasan gwiwa sau ɗaya a huta. Ya ce yana jin bugun jini a idon sawu, amma da rauni, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa yana jin kunya. Ya nemi a yi wa Baba hoton hanyoyin jini, irin wanda ake zura wa mutum ruwan magani a jijiya. Baba ya ce a'a. Ka san a'ar Baba, ba ta da taga. Ya ce babu mai zura masa komai, babu mai yanka masa komai, sai injin 'yarsa ya duba ƙafar. Abin da hoton 'yarsa ya nuna, shi za a yi. Na yi masa bayani cewa injin nan ɗan koyo ne, gwaji muke yi, ba a ba shi izinin yanke wa kowa hukunci ba. Ya ce shi ma yana ɗan koyo aka ba shi aji guda na yara ya koyar, kuma ga su nan sun zama mutane. Taƙaice ya dube ni ya ce in hoton zai buɗe bakin tsohon nan, a ɗauka.

Dole in gaya maka yadda injin yake, domin na san abin da kake faɗa wa abokanka shi ne ƙanwarka tana harkar hoto a asibiti. Goggo ma, yayar Baba, wadda ta tare a gidan tun da ciwon ya tsananta, Likitar Hoto take kirana, tun ranar da ta gano digirin nawa bai ba ni ikon yi wa ko kaza allura ba. Abin a sauƙaƙe shi ne, jini yana canja launi. Wanda ya ɗauko iskar oksijin daga huhu ja ne jawur, wanda ya sauke kayansa yana kan hanyar komawa kuwa sai ya yi duhu. Kowannensu da irin hasken da yake shanyewa da wanda yake mayarwa. Injinmu kyamara ce da aka kewaye da ƙananan fitilu. A haska fata da launi ɗaya a ɗauka, a haska da wani a ɗauka, sannan kwamfuta ta kwatanta hotunan ta zana taswira: inda nama ke ƙoshi da iska ya fito ja, inda yake cikin yunwa ya fito baƙi. Duk rigimar tana wurin zaɓen launukan, domin ba za a iya haska duka ba. Kowane launi da lokacin da yake ci, mutum kuwa ba dutse ba ne, in ya motsa kafin a gama, hotunan ba za su hau kan juna ba.

Da nake yi wa Baba wannan bayani a bakin gadonsa, rediyonsa tana kan ƙirjinsa kamar kullum, na ga idonsa yana lumshewa, har na ambaci cewa kowane launi yana da tsawon zangonsa. Nan take ya farka. Ya ce ashe zancen zango ne, me ya hana in faɗa tun farko. Wato shuɗi gajeren zango ne, ja dogon zango, ni kuma ina murɗa maɓalli ina neman tashar da jini ke watsa labarai. Na yi shekaru ina koyar da wannan a jami'a da allo da alli, ban taɓa samun ɗalibin da ya kama da wuri haka ba, kuma na sace misalin ba tare da neman izini ba. Ya tambaye ni a mita nawa muke kamawa. Na ce a tsakiya, wajen kore da ruwan ɗorawa da ruwan lemo, domin a nan jini ya fi ɗaga murya, kuma a nan manyan masana da dama suka kama a rubuce-rubucensu. Mun gwada a tafin hannunmu, mu ma'aikatan ɗakin gwaji, ya yi kyau ƙwarai. Ya ce to madalla, a kawo.

Muka tura injin a kan kekensa zuwa ɗakin majinyata da hantsi, ni da abokin aikina da muke kira Lissafi, wani dogon mutum da ya fi yarda da lamba a kan abin da idonsa ya gani. Ƙafar Baba tana ɗan rawa in an ɗaga ta, sai Goggo ta tallabe ta da hannu, tana faɗin a yi maza, ita ba matashin kai ba ce. Fitilu suka yi ƙyafta-ƙyafta, taswira ta fito. Yaya, baƙi ƙirin. Ba yatsun biyu kaɗai ba, duk bayan ƙafar har zuwa idon sawu. Lissafi, wanda Allah bai ba shi baiwar tauna magana ba, ya ce babu iska a ƙafar nan ko kaɗan. Goggo ta ɗaga hannu sama ta ce alhamdu lillahi, dama wa ke son iska a jikinsa, ita tun farko ta ce ciwon nan na Allah da Annabi ne, ba shafar aljanu ba. Babu wanda ya yi dariya sai wani majinyaci a gadon kusa, shi ma ya mayar da ita tari. Baba ya sa tabarau ya daɗe yana duban allon. Daga nan ya cire ya ce to, an gama, a gaya wa likita ya wasa wuƙarsa. Taƙaice ya zo ya duba, ya taɓa ƙafar da bayan hannunsa, ya ce hotona ya fi shi tsanani, amma ba zai ce ƙarya ne ba. Ya ce a shirya.

Da yamma Baba ya sa aka kwaso takalmansa daga gida, har da baƙin nan na fata da yake sawa in za shi ɗaurin aure, ya ce Goggo ta rabar, mai ƙafa ɗaya ba ya tara takalma. Ya kashe rediyo da kansa. A ranar ne ka fara tambayata zancen takalmi.

Washegari da safe na zauna a ofis na buɗe hoton. Ba zan ce maka wahayi aka yi mini ba. Haushi ne kawai, da kuma halin nan nawa da Inna take cewa zai kai ni rijiya, na son sanin me ya sa. Abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne iyakar baƙin. A idon sawu ya tsaya cak, a miƙe, kamar an ja layi da tsinke. Na ga ƙafafun masu wannan ciwo da yawa, cuta ba ta da hannun zane. Tana shiga nan ta bar can, tana dusashewa a hankali kamar jiƙar bango. Wannan kuwa har da alamar shafa, sama da ƙasa. Sai na ƙara girman hoton, na gangara gefe inda hannun Goggo ya shigo yana tallabe da diddige. Bisa ga injin da na ɓata ƙuruciyata ina haɗawa, babban yatsan Goggo da manuninta sun rasu. Sauran ukun suna nan jawur cikin ƙoshin lafiya, amma waɗannan biyun baƙi ƙirin, daidai da ƙafar Baba. Na tuna da waɗannan yatsu biyu ta ja kunnen Auta shekaranjiya, kuma Auta ba ta ce ta ji alamar mutuwa a cikinsu ba.

Na tarar da Goggo a barandar asibiti tana ba wata mata shawarar da ba ta nema ba. Na gaishe ta, na ce ta ara mini hannunta. A ido babu komai, fata ce baƙa mai sheƙi irin ta gidanmu. Amma a ƙarƙashin farce, can ciki, ga wani siririn layi mai launin shunayya. Ka tuna maganin nan mai kama da tawada da ake ɗiga mana a gwiwa in mun faɗi muna yara, wanda ke bin mutum makaranta ya tona masa asiri? Shi ne. Goggo shuɗi take kiransa. Da farko ta ce ita ba ta san zancen ba, wataƙila biro ne. Na ce Goggo, yaushe kika fara rubutu. Sai ta ɗaure fuska ta ce to, ita ce, a kama ta. Wai da shuɗin nan ta raini Baba tun yana tsallake katanga, da shi aka raine mu, ga ni nan har na yi digirin da nake tuhumarta da shi. Likita ya hana a shafa komai, shi ya sa take bari sai ma'aikata sun juya baya ta shafe ƙafar tun daga yatsu har idon sawu, kafin zagayen likita kuma ta wanke da sabulu da soso har sai ya ɓace. Ta ce ita ta tabbata ya ɓace, domin ta duba a bakin taga. Kuma gaskiyarta, ya ɓace wa ido. A farar fata da kowa ya gani tun daga ƙofa. A fatar Baba, saura kaɗan da ya shige ciki ya sami wurin ɓuya.

Ban san ko za ka ji daɗin abin da ya biyo baya kamar yadda na ji ba, amma ka jure. Injin nan abu uku kawai muka koya masa: jini mai iska, jini marar iska, da duhun fata. Duk abin da ya shanye haske, dole ya liƙa wa ɗaya daga cikin ukun, kamar mai gadin da ya san mutum uku a unguwa, kowane baƙo ya wuce sai ya kira shi da sunan ɗayansu. Shuɗin Goggo kuwa, da na duba, ya fi shanye haske a daidai ruwan ɗorawa zuwa ruwan lemo, wato a kan zangon da jini marar iska ya fi ɗan'uwansa shanyewa nesa ba kusa ba. Injin ya ga haske ya tafi bai dawo ba, ya ce wannan aikin jinin yunwa ne. Bai yi ƙarya ba, iyakar saninsa ke nan. Kuma da na ci gaba da tono sai na ga ko ba shuɗin, zaɓenmu yana da rauni a kan mutane irinmu. Gajeren zango ba ya nitso, a saman fata yake tsayawa, kuma duhun fata yana cinye mafi yawansa kafin ya kai ga jini. Mu kuma da wayonmu a tafin hannu muka yi gwaji, wurin da kowa fari ne. Wanda ya auna zurfin kogi a bakin gaɓa, ai dole ya ce ruwa iya gwiwa.

Wanke ƙafar ba mafita ba ce, domin maganin ba ya fita sai fatar ta sake, yatsun kuma ba za su jira mu ba. Sai dai a canja tasha. Na je na sami Taƙaice na nuna masa yatsun Goggo a allo. Ya duba, ya dubi Goggo da ke can tana yi wa mai shara gyaran riƙon tsintsiya, ya ce zai ɗan jinkirta, amma kada in mayar da shi ɗan kallo. A ɗakin gwaji muka kwashi gardama da Lissafi. Shi a ba shi launi goma sha shida, daga shuɗi har ƙarshe, ya ce da yawan lamba ake kama ɓarawo. Na ce ƙafar da ke rawa ba za ta tsaya masa ya gama ƙirga ba. Ni na ce mu wuce ja gaba ɗaya, mu shiga hasken da ido ba ya gani, wanda ke bayan ja kaɗan. A can shuɗin Goggo ba ya shanye komai, kamar ruwa yake. Duhun fata ma yana sassautawa, haske ya nitsa ya kai ga naman da muke tambaya a kansa. Lissafi ya ce a can muryar jini ƙasa-ƙasa take, hoton zai yi hazo, kuma hasken taga kaɗai ya isa ya dame shi. Gaskiya ya faɗa. Na ce gara tasha mai shuu da ke faɗin gaskiya da tasha garau da wani ya hau kanta.

A ƙarshe muka tsaya a kan uku, da na huɗu don duhun fata. Ɗaya a inda jini marar iska ya fi shanyewa, wajen ɗari bakwai da sittin a ma'auninmu. Ɗaya a wajen ɗari takwas da hamsin, inda mai iska ya fi. Na tsakiyar shi na fi so, wajen ɗari takwas, domin a nan su biyun daidai suke shanyewa, babu mai fin wani. Shi ba ya gaya maka wane ne wane, yana gaya maka yawan jinin ne kawai, kamar dattijon da ba ya ɗaukar ɓangare amma ya san adadin mutanen gida. Ba mu yi nisa fiye da haka ba, domin in ka ƙara gaba ruwan jiki da kitse su ma za su fara sa baki. Fitilun muna da su a aljihun tebur, ragowar wani tsohon gwaji. Don mu tabbatar, na shafe rabin bayan hannun Lissafi da shuɗin da na ƙwace daga jakar Goggo, muka ɗaura masa abin awon hawan jini a dantse muka matse. A allo muka ga iska tana raguwa a ɓangaren da aka shafa da wanda ba a shafa ba, tare, kamar tagwaye. Da muka saki, ta dawo tare. Muka maimaita a kan duk wanda ya yi kuskuren leƙowa ɗakin, baƙi da wankan tarwaɗa. Lissafi dai har yau hannunsa na dama yana aljihu in zai shiga aji.

Da muka koma ɗakin majinyata da injin, na sa aka ja labule. Baba ya ce shi ya riga ya yi sallama da ƙafar, kada a mayar da shi kasuwa. Ya kuma ce bai ga fitila ta kama ba, ko injin ya mutu ne. Na ce ta kama, hasken ne ba a gani. Goggo ta ce hasken da ba a gani ai duhu ne, a daina yi wa tsofaffi wayo. Taswira ta fito, da hazo kamar yadda Lissafi ya yi alkawari, amma ana karantawa. Yatsu biyu baƙi, babu canji, da ɗan duhu a gindinsu. Daga nan zuwa sama, ja. Ba jawur irin na saurayi ba, ja mai gajiya, amma ja. A gefe kuma yatsun Goggo biyu sun tashi daga matattu.

Na zaci Baba zai yi murna. Sai ya tambaye ni abin da ya kamata kowane mai hankali ya tambaya: inji ɗaya, ƙafa ɗaya, jiya ya ce ta mutu, yau ya ce tana da rai, wanne zai ɗauka, kuma me ya sa zai ɗauki wanda ya fi daɗi? Ban yi masa rantsuwa ba. Na ce masa, in yana sauraron labarai wata tasha ta hau kan tasa da kiɗa, ba ya cewa mai karanta labarai ya koma makaɗi, matsawa yake yi ya nemi wani zangon. Na kuma ce kada ya ɗauki ko ɗaya daga cikin hotunan nawa a matsayin hukunci. Shaida biyu da suka saɓa, sai a kira na uku, na ukun kuwa shi ne hoton hanyoyin jinin da ya ƙi. Ya waiwaya gefen gado. Sannan ya ce Goggo ta miƙo hannunta, ya jujjuya yatsun biyu, ya ce Allah ya jiƙan rai, ashe da gawa ake ba shi abinci. Goggo ta ce gawar ce ta yi masa wanka tun yana jariri, marar godiya. Yana dariya ya ce a kira mai rowar maganar nan, a zura abin da za a zura.

Hoton hanyoyin jinin ya nuna akwai hanya ɗaya da ta tsuke amma ba ta toshe ba, jini na bi ta nan yana isa. Taƙaice ya ce yatsu biyu. Iyakar jawabinsa ke nan, kuma ban taɓa jin huɗubar da ta fi ta daɗi ba. An yi aikin, an kuma ɗan buɗa hanyar da ta tsuke. Wurin ɗinkin yana da ɗumi, launinsa mai kyau ne, kuma jiya Baba ya taka zuwa bakin ƙofa yana dafe da maigidana. Ba zan ce maka an fita daji ba. Ciwon sukari ba ya sallama, kuma likita ya ce sai an ga yadda makonnin gaba za su kasance. Amma rediyo ta koma kan ƙirji.

Roƙona gare ka, in ka kira, kada ka yi wa Goggo faɗa. Ta sha nata a wurin ma'aikatan jinya, kuma ta yi alkawarin ba za ta ƙara ba, ko da yake na ga tana duban aljihun rigata inda kwalbar take kamar uwa da aka raba da ɗa. Ni kam, tsakanina da kai, ina jin ta yi mini aikin da wani babban taron masana bai yi mini ba. Da injin nan ya fita duniya a kan zangonsa na farko, da ƙafafun iyayen wasu ne za su gaya mana kuskurenmu, su kuma ba su da 'yar da za ta zauna tana ƙara girman hoto. Yanzu abin da ya hana ni sakat shi ne sauran abubuwan da mutane ke shafawa ba su faɗa: man zafi, man ƙara haske, jan maganin ciwo, hodar ƙaiƙayi. Kowanne da zangon da yake hawa. Na cika tebur da kwalabe, maigidana ya ce ofishina ya koma shagon kwalliya. Goggo ce ke kawo mini sunayensu, domin babu majinyaciyar da ke ɓoye mata komai. Ta ce in an buga sakamakon a sa sunanta sama da na Lissafi, tun da shi hannu kawai ya bayar.

Ka gaishe mini da Antinmu da kyau, ka ce na gode da addu'o'inta, sun iso kafin saƙonninka. Ka shafa mini kan Sarkin Surutu da 'Yar Baba, ka gaya wa Ƙaramin Alhaji kakansa ya ce har yanzu yana jiran a zo a yi tseren da aka yi masa alkawari, kuma yanzu da aka rage masa kaya ba ya jin za a kamo shi. Baba yana sa maka albarka. Goggo tana gaishe ka, ta ce ka rame a hoto, a riƙa ba ka abinci. Maigidana da Auta suna miƙa tasu gaisuwar.

Saura zancen takalmi. Na Baba da ya ce a rabar, ashe Goggo ba ta ba kowa ba, ta tura su ƙarƙashin gadonta ta ce ita ba ta rabon gadon mai rai. Sai dai likita ya hana shi sa ko ɗaya daga cikinsu, duk sun yi tauri. Saboda haka ka aiko da naka da wuri, kuma in da hali ka nemi mai faɗin baki. Baba ya ce in gaya maka na hagun zai ɗan yi masa yawa daga gefe, amma kada ka damu, zai cusa auduga. Ka aiko ƙafa biyu.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Likitar Hoto